Jini Ke Naɗa Sarki Ko Takarda? Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka zo wa shafin shari'a a wannan wata yawancinsu kan sarauta ne, sai ka ce an haɗa baki. Mun zaɓi bakwai mun taƙaita su, mun kuma cire sunaye kamar yadda muka saba, domin wasu daga cikin masu tambayar maganarsu tana gaban hukuma har yanzu.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Marwa. An koya mana cewa Kamaru jamhuriya ce, amma ga lamido yana gadon ubansa, kamar yadda sarkin Ingila ya gaji uwarsa. Me ya raba su a wurin doka?

Amsa: Ɗanmu, duk ƙasar da ka ɗauka, buɗe tsarin mulkinta ka nemi abu biyu: wa aka ce shi ne shugaban ƙasa, kuma ta wace hanya ake samunsa. Amsarka tana nan.

Tsarin mulkin Kamaru na 18 ga Janairu 1996 ya ce a sashe na 1 ƙasar jamhuriya ce, tana amincewa da al'adun gargajiya tana kare su, amma da sharaɗin sun dace da dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan'adam da doka. Sashe na 2 ya ce iko na jama'ar ƙasa ne, ba wani ɓangare ko wani mutum ɗaya da zai mai da shi nasa. Sashe na 64 kuwa ya kulle ƙofa gaba ɗaya: ba a karɓar gyaran tsarin mulki da zai taɓa kasancewar ƙasar jamhuriya. Saboda haka lamido, duk girman fadarsa da yawan dawakinsa, ba shugaban ƙasa ba ne, ba kuma daga tsarin mulki yake samun kujerarsa ba. Dokar da ta tsara matsayinsa ita ce ta shugaban ƙasa mai lamba 77/245 ta 15 ga Yuli 1977, wadda ta ɗauke shi a matsayin mataimakin hukuma.

Yanzu dubi Maroko. Tsarin mulkinta na 2011 ya ambaci sarki da sunansa. Sashe na 43 ya ce sarauta tana bin 'ya'ya maza na zuriyar Sarki Muhammad na Shida, babba kafin ƙarami, sai dai idan sarki tun yana raye ya zaɓi wani ɗan nasa daban. Sashe na 41 ya kira shi Amirul Muminina, na 42 ya kira shi shugaban ƙasa. Sashe na 175 shi ne kishiyar namu na 64: a can sarautar ce ba a yarda a gyara ba. Kulle iri ɗaya ne, abin da aka ajiye a cikin ɗakin ne ya bambanta.

Ingila ba ta da tsarin mulki a kundi guda, amma gadon sarautarta rubutacce ne a dokokin majalisa. Dokar 1689 da ta 1701 su ne ginshiƙi. Ta 1701 ta keɓe gadon ga Sofiya ta Hanoba da zuriyarta mabiya ɗariƙar Furotesta, har ta sa a 1714 aka tsallake gomman 'yan sarki 'yan Katolika da suka fi kusanci ta jini, aka ɗauko ɗanta Joji daga Jamus. Majalisa ce ta zaɓi jinin da za a bi. Amma da zarar ta zaɓa, ta ɗaure kanta: ranar 8 ga Satumba 2022 da Sarauniya Elizabeth ta rasu, a wannan lokacin ɗanta Charles ya zama sarki, ba tare da jiran sa hannun kowa ba. Bikin naɗin da aka yi ranar 6 ga Mayu 2023 biki ne, ba shi ya ba shi sarautar ba.

To ga bambancin. A waɗannan ƙasashen sarauta doka ta riga ta faɗi magaji kafin sarki ya mutu. A nan kuwa jini yana shigar da kai cikin waɗanda za a duba ne kawai, sa hannun hukuma ke zaunar da kai. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, bisa ƙa'ida sabon lamido a wancan zamanin yakan nemi tabbatarwar Yola. Jamusawa suka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902, Faransawa suka biyo baya suka kafa dokar sarakuna a 1933. Alƙalamin ya yi ta canza hannu, bai taɓa ɓacewa ba.

Kada kuma ka ɗauka takarda ita kaɗai tana haifar da gidan sarauta. Maƙwabcinmu Bokassa na Afirka ta Tsakiya ya rubuta tsarin mulki a Disambar 1976 ya mai da ƙasarsa daula ta gado, ya ɗora wa kansa kambi a Bangi ranar 4 ga Disamba 1977, ya ayyana ƙaramin ɗansa magaji. A Satumbar 1979 aka kifar da shi.

Tambaya: Mahaifinmu lawan ne a yankin Gidar, Allah ya yi masa rasuwa. Ni ne babban ɗansa, kuma ya sha faɗi a gaban mutane cewa ni zan gaje shi. Yanzu an ce sai an yi taro, har ƙanen mahaifina ya fito nema. Wannan daidai ne?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, gaskiyar ba za ta yi maka daɗi ba: daidai ne. Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma dokar 1977 ba ta san babban ɗa ba. Abin da sashe na 8 ya ce shi ne ana zaɓen sarki daga cikin gidajen da al'ada ta ba su sarauta, ya kasance mai lafiyar jiki da kyawun hali, kuma gwargwadon iko ya iya karatu da rubutu. Gida aka ce, ba a ce ɗa ba. Baffanka ɗan gida ne kamar kai.

Al'adar ma ba ta gefenka kaɗai take ba. Da Modibbo Adama ya rasu a 1847, 'ya'yansa ne suka yi ta bin juna a Yola: Lawal, sannan Sanda, sannan Zubairu. A Sakkwato, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne ya hau. Saudiyya tun 1953 haka take tafiya, daga Sa'ud har zuwa Salman duk 'ya'yan Sarki Abdul'aziz ne. Bin ɗan fari kai tsaye ba tsarinmu ba ne. Namu tsarin shi ne masu zaɓen sarki su duba cikin 'yan gida. Wasiyyar Baba tana da nauyi a zukatan dattawa, ka nemi waɗanda suka ji ta da kunnensu su faɗa a taron, amma ba ta ɗaure hannun furefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma.

Ga yadda abin ke tafiya. Da farko ka bincika darajar da aka yi wa sarautarku rajista da ita, kada ka dogara da laƙabi, domin akwai lamidon da yake daraja ta biyu a takarda. Darajoji uku ne. Ta ɗaya ita ce mai aƙalla sarautu biyu na daraja ta biyu a ƙarƙashinta, kuma ƙasarta ba ta wuce yankin furefe guda ba. Ta biyu tana da aƙalla sarautu biyu na daraja ta uku, ba ta wuce yankin sufurefe ba, wato jami'in da ke ƙarƙashin furefe. Ta uku ita ce ƙauye, ko unguwa a cikin birni, inda yawancin jauro da sarakunan Hausawa na unguwanni suke. Firaminista ke naɗa na daraja ta ɗaya, ministan cikin gida na biyu, furefe na uku.

Idan kujera ta zama babu kowa, ko ta mutuwa, ko tsigewa, ko murabus, ko rashin lafiya mai ɗorewa da likitan gwamnati ya tabbatar, hukuma za ta kira taron tuntuɓa. Furefe ke jagorantarsa a daraja ta ɗaya da ta biyu, sufurefe a ta uku. Dole ne a tuntuɓi manyan fada da al'ada ta ba su wannan haƙƙi. Sai a rubuta bayanin taron, shugaban taron ya sa hannu, a haɗa da takardun wanda aka tsayar a tura sama. Takardun su ne: takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, wadda ake kira kaziye lamba 3, takardar lafiya daga likitan gwamnati, da shaidar cewa kujerar ta faɗi, wato a nan takardar mutuwar Baba.

Inda ake faɗuwa kuwa sananne ne. Mafi yawa takardar haihuwa ce: sunan uba a takarda daban, sunan da aka san marigayi da shi daban, ko kuma an yi wa yaro takarda da sunan kawunsa lokacin shiga makaranta. Abokin takara ba ya buƙatar fiye da wannan. A gyara ta a kotu tun kafin taro. Sai takardar mutuwa, wadda mutanenmu ba su cika damuwa da ita ba, an yi jana'iza an yi sadakar uku da ta bakwai an watse, babu wanda ya je ofishin magajin gari. Sai kaziye da ta tsufa, domin ofisoshi ba su saba karɓar wadda ta haura wata 3 ba. Sai takardar lafiya daga asibitin kuɗi, alhali likitan gwamnati doka ta ce.

Amma babbar rigima ba a takardu take ba, tana kan tambayar su wane ne masu zaɓe. Dokar ba ta jera su ba, ta bar wa al'adar kowace fada. A wata fada Galadima da Kaigama da Liman da Alƙali da Sarkin Fada suna ciki, a wata ba haka ba. Idan wasu daga cikinsu sun rasu ba a maye gurbinsu ba, ko marigayi ya naɗa sababbi daf da rasuwarsa, nan ake kai ruwa rana. Ka nemi a tsayar da jerin sunayen a rubuce kafin ranar taro, ka duba bayanin taron da aka yi lokacin naɗin mahaifinka idan yana nan a ofishin sufurefe, domin shi ne hujja mafi ƙarfi kan waɗanne muƙamai ke zaɓe a gidanku.

Abu ɗaya da muke roƙon ka: ko da dattawa sun tsayar da kai, kada a naɗa maka rawani a buga tambari kafin takardar naɗi ta fito. Kalmar da doka ta yi amfani da ita tuntuɓa ce. Ƙuri'ar fada shawara ce mai nauyi, hukuma takan bi ta, amma wanda ya sa hannu shi ke naɗi.

Tambaya: Daga Mokolo nake. An naɗa wani a unguwarmu wanda kowa ya san ba ɗan gidan sarauta ba ne. Za mu iya kai ƙara kotu?

Amsa: Ɗan'uwa, a kan naɗin kansa ƙofar kotu a rufe take. Sashe na 16 na dokar 1977 ya ce ana kai ƙorafi ne ga hukumar da ke da ikon naɗin, hukuncinta kuma shi ne na farko shi ne na ƙarshe. Majalisa ta ƙarfafa wannan da doka mai lamba 79/17 ta 30 ga Yuni 1979, sannan doka mai lamba 80/31 ta 27 ga Nuwamba 1980 ta janye irin waɗannan shari'u daga hannun kotuna, har da kotun da ke sauraron ƙarar hukuma. A ganinmu wannan rauni ne babba, domin wanda ake ƙara shi ne alƙali, kuma masana shari'a sun daɗe suna sukar haka. Amma ita ce dokar da ke aiki.

Ƙofa ɗaya ta rage a cikin sashen nan na 16: ana iya janye naɗi idan ya tabbata cewa an yaudari hukuma. Saboda haka takardar kokenku kada ta zama ta zagi da kuka. Ku rubuta wa wanda ya sa hannu, ku nuna takamaiman abin da aka ɓoye masa: jerin waɗanda suka riƙe sarautar da dangantakarsu, sunayen masu zaɓen da ba a gayyata ba, ko takardar da aka ƙirƙira. Ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Idan kuwa akwai takardar jabu, wannan laifi ne mai zaman kansa da ake kai wa mai gabatar da ƙara, kuma hukuncin da ya fito daga can shi ne hujjar da za ku ɗauka ku koma wa hukuma da ita.

Ku lura kuma da kalma guda a sashe na 8. Bai ce dole daga gidan sarauta ba, ya ce bisa ƙa'ida. A unguwannin birni da aka kafa jiya jiya, inda babu tsohon gida, da wannan kalmar ake fakewa.

Tambaya: Wai gaskiya ne gwamnati na biyan sarakuna albashi? Nawa ne?

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji. Dokar shugaban ƙasa mai lamba 2013/332 ta 13 ga Satumba 2013 ta yanka musu kuɗin wata: sefa 200,000 ga daraja ta ɗaya, 100,000 ga ta biyu, 50,000 ga ta uku. Ma'aikacin gwamnati da ya zama sarki ba ya haɗa biyu, sai ya zaɓi albashinsa ko kuɗin sarauta. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa ya san sauran: isar da umarnin hukuma ga jama'a, taimakawa wajen zaman lafiya, taimakawa wajen karɓar haraji, da sulhu tsakanin mutane a inda doka ba ta hana ba. Wurin da tsarin mulki da kansa ya ba su kujera shi ne majalisar jiha, a sashe na 57. A zaɓen farko na 6 ga Disamba 2020, cikin kujeru 90 na kowace jiha 20 na sarakuna ne, su suke zaɓen junansu.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Ngaundare. Mahaifina mai unguwa ne, bai haifi ɗa namiji ba. Doka ta hana mace gadon sarauta?

Amsa: Malama, babu inda dokar 1977 ta ce namiji. Abin da ke tsayawa a gabanki al'adar fada ce da bakin masu zaɓe, kuma tunda an rufe ƙofar kotu a maganar naɗi, babu alƙalin da zai auna wannan al'ada da daidaiton da tsarin mulki ya yi alkawari. Idan dattawan unguwa suka tsayar da ke, furefe ba shi da hujjar doka ta ƙin sa hannu don ke mace ce. Idan suka ƙi, hanyar ta yi ƙunci.

Ƙasashen sarauta ma da gyaran doka suka warware wannan, ba da fatar baki ba. Suwidin ta fara a 1980, ta ce ɗan fari ko mace ko namiji, har Gimbiya Victoria ta karɓe matsayin magaji daga ƙanenta da aka riga aka haifa. Ingila ta yi dokarta a 2013, ta fara aiki a Maris 2015, amma ta shafi waɗanda aka haifa bayan 28 ga Oktoba 2011 ne kawai, don kada a rikita jerin da ake da shi. Dokar gidan sarautar Japan ta 1947 har yau maza ne kawai ta zuriyar maza, ga shi kuwa magadan sun ragu ƙwarai. A nahiyarmu hukunci biyu sun saɓa: a 2008 kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta tabbatar da wata mace a sarautar Valoyi saboda gidan sarautar da kansa ya zaɓe ta, a 2013 kuma kotun Lesoto ta ƙi bai wa 'yar wani basarake gadon ubanta. Ko a hukuncin farko ɗin, abin da kotu ta kare shi ne ikon mutanen gida su canza al'adarsu da kansu. Nan ne aikinki yake, a zauren dattawa. Tarihin Daurama da Amina ta Zazzau ba zai zama hujja a ofishin furefe ba, amma a zaure yakan yi amfani.

Tambaya: Daga Kuseri. Ana iya tsige lamido? Kuma dangina da ke tsallaken kogi a Njamena, dokarsu ɗaya da tamu?

Amsa: Ana iyawa, Malam, kuma nan ne bambanci da sarkin ƙasa ya fi fitowa fili. Dokar 1977 ta jera horo hawa hawa: jan kunne, gargaɗi, zargi a rubuce, zargi tare da dakatar da kuɗin wata har tsawon wata 3, sannan tsigewa. Ba a yanke ko ɗaya sai an nemi sarkin ya yi bayanin kansa tukuna, kuma tsallake wannan matakin shi ne kuskuren da ke ɓata hukunci. Ministan cikin gida ke tsige na daraja ta uku, firaminista na ɗaya da na biyu. Daga cikin abin da dokar ta ambata a laifi akwai sakaci da aiki da zaluntar talakawa. Sarki ba shi da kariya daga kotun laifi: tsare mutum a fada, ko duka, ko ƙwace dukiya da sunan tara, duk laifi ne a dokar ƙasa ko wane ne ya aikata.

Sarkin ƙasa kuwa ba shi da na sama da zai tsige shi, shi ya sa dokokinsu suka ƙirƙiro wasu dabaru. A Ingila ko murabus sai da doka: da Edward na Takwas ya sauka a Disambar 1936, sai da majalisa ta zartar da doka ta musamman. Sifen ta yi haka ga Juan Carlos a Yunin 2014, Japan ta yi doka a 2017 kafin Akihito ya sauka ranar 30 ga Afrilu 2019. Na Beljiyam ya fi ban mamaki. A Afrilun 1990 Sarki Baudouin ya ce zuciyarsa ba za ta bar shi ya sa hannu a dokar zubar da ciki ba. Gwamnati ta ayyana cewa ba ya iya mulki, ministoci suka sa hannu a madadinsa, kashegari majalisa ta mayar da shi kan kujera. A Lukzambur da irin haka ta taso a 2008, gyara tsarin mulki aka yi aka cire buƙatar amincewar sarkin. Idan magaji yaro ne kuma, Ingila da Maroko duk shekara 18 suka sa, kafin nan riƙon ƙwarya ake yi. A Maroko majalisar riƙon tana ci gaba da ba shi shawara har ya kai 20.

Game da Cadi, tushen ɗaya ne, kalmomin ne suka ɗan bambanta. Ita ma jamhuriya ce. Tsohon tsarin mulkinta na 1996 ya kira sarakuna masu kula da al'adu kuma abokan aikin hukuma, sannan doka mai lamba 13 ta 25 ga Agusta 2010 ta tsara matsayinsu, daga sultan zuwa sarkin kanto har mai gari da shugaban ruga. Sultan na Wadai a Abeshe ko Mbang na Bagirmi a Masenya gidajensu sun girmi ƙasar Cadi da ɗaruruwan shekaru, amma da takardar gwamnati ake tabbatar da su. Idan takarda da gida suka saɓa, abin yakan yi muni: naɗin sabon sultan na Wadai a 2019 ya gamu da turjiyar tsohon gidan, kuma a Janairun 2022 rikici kan naɗin wani sarkin kanto a Abeshe ya ci rayuka. Danginka su nemi lauyan can, kada su ɗauki lambobin dokokin Kamaru su tsallaka da su.

Tambaya: Ni matar wani basarake ce da ya rasu a yankin Garwa. Sabon da aka naɗa ɗan kishiya ne, ya ce gidan da dawakai da gonaki duk na sarauta ne, mu tashi. Ina haƙƙinmu?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Wannan ita ce tambaya mafi wuya a cikin bakwai ɗin, domin dokar 1977 ta tsara yadda ake samun sarki amma ba ta raba kayan sarauta da kayan mutum ba.

Ƙa'idar dai a bayyane take, a fikihu da a dokar zamani. Sarauta ba dukiya ba ce, ba a raba ta tumuni da sudusi. Abin da marigayi ya tarar a fada ya riƙe shi saboda kujera, kamar tambari da kakaki da algaita da tuta da takobi da laima, da zauren fada da gonar da kowane sarki ke nomawa, amana ce, tana wucewa ga magaji. Abin da ya saya da kuɗinsa, ko ya gada daga uwarsa, ko ya gina da kasuwancinsa, tarika ce. Ku matansa kuna da tumuni a tsakaninku tunda ya bar 'ya'ya, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, sabon sarkin kuma yana karɓar rabonsa ne a matsayin ɗa, daidai da 'yan'uwansa maza. Ingila ma ta sha wannan: fadar Buckingham ta kambi ce, amma Sandringham da Balmoral mallakar mutum ne, shi ya sa da Edward ya sauka a 1936 sai da ƙanensa Joji na Shida ya saye su daga hannunsa.

Wahalar tana wurin hujja. Doki da aka kawo gaisuwar Sallah, na sarki ne ko na kujera? Ɗakin da ya ƙara a cikin tsohuwar fada fa? Abin da za ku yi tun yanzu shi ne a zauna da Liman da Alƙalin fada da wakilin kowane ɗaki, a rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya kashi uku: wanda kowa ya yarda na sarauta ne, wanda kowa ya yarda na marigayi ne, da wanda ake jayayya a kai. Kowa ya sa hannu, kada a sayar da komai daga kashi na uku. Ku tattara rasit, katin mota, takardun banki, da tsofaffin bayin fada da barori da suka san abin da marigayi ya tarar ranar da ya shiga.

Gonaki da filaye suna da nasu hukunci. Tun dokar ƙasa mai lamba 74/1 ta 6 ga Yuli 1974, shaidar mallakar fili a hukumance ita ce takardar mallaka da ake kira titir fonsiye. Filin da ke da ita da sunan marigayi na magada ne, babu wata magana. Wanda ba shi da ita yana cikin filin ƙasa da gwamnati ke kula da shi, kuma wanda ya raya shi ko magadansa ke iya neman takarda. Ga tarkon da ya kamata ku sani: kwamitin da ke zuwa duba fili kafin a ba da takarda sufurefe ke shugabantarsa, kuma sarkin wurin da dattawansa biyu suna ciki. Wato wanda kuke jayayya da shi yana iya zama a kwamitin. Idan kuka ji an fara neman takarda a kan gonar da kuke da haƙƙi, ku shigar da ƙin amincewa a rubuce nan da nan, kafin takardar ta fito, domin bayan ta fito warware ta aiki ne ja.

Wannan shari'a kuma ba ta cikin waɗanda dokar 1980 ta hana kotu. Maganar gado ce, ba ta naɗi ba. Kuna iya kai ta kotun gargajiya ta mataki na farko da dokar 19 ga Disamba 1969 ta kafa, inda ake aiki da al'adar masu shari'a, amma sai duk ɓangarori sun yarda. Wanda bai yarda ba ya faɗa tun kafin a shiga cikin magana, sai a koma babbar kotu. Ko wacce kuka zaɓa, takardar farko da za a nema ita ce ta mutuwa, sai bayanin taron dangi, sai takardar aurenki da takardun haihuwar yara, daga nan kotu ta fitar da hukuncin da ke jera magada da sunayensu. Idan aurenku na masallaci ne kawai ba a rubuta shi a ofishin magajin gari ba, ki gaya wa lauya wannan a zaman farko, kuma ki tanadi shaidun ɗaurin auren tun suna raye.